Injin Tabkin Gawo

Ranar da injin ya tashi, yammacin wata Laraba ce a farkon damina. Awaki sun dawo daga kiwo, hayaƙin murhu ya kwanta a kan katangun Illela, ladan bai riga ya kira magariba ba. A zamanin nan mulkin Nasara bai tsufa ba. Akwai dattawa da yawa a gari da suka ga ranar da aka kafa duwatsun iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da ta Faransi, kuma idan mota ta wuce, mata kan leƙo ta kan katanga su gan ta.

Maharazu yana tsaye a kangon bayan gidansa, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, yana duban motar da ta ci masa shekara biyu. Da can direban wani kamfanin gyada ne tsakanin Sakkwato da Gusau. Da kamfanin ya tashi, aka bar masa wata tsohuwar babbar mota wadda injinta ya tsage, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Da shanu ya jawo ta gida. Ya kankare tsatsa da dutse da yashi, ya sa kafinta ya yi mata sabon bodi na katakon maɗaci, ya ɗaga gefunanta don ta ɗauki buhunan albasa da yawa, ya shafe ta da kore, launin da 'yarsa Hadijatu ta zaɓa. Abu ɗaya ya rage mata, abin da zai motsa ta.

Sai ya ji labarin wani inji mai shan gas da ke yashe a Tabkin Gawo, gaba da Ƙwanni, cikin ƙasar Faransi. Motar wasu maginan rijiya ce ta kife a can shekarun baya, aka kwashe abin da za a kwasa, aka bar injin a gindin wata tsamiya. Maƙeran wurin ba su taɓa cire masa ko noti ɗaya ba, duk da tsadar ƙarfe. Maharazu bai tambayi dalili ba. Da rani ya bi ta daji da amalanken shanu ya ɗauko shi. Wata huɗu yana fama, don injin ya fi gurbin tsohon girma. Sai da maƙeri ya ƙera masa sababbin ƙafafu, aka matsar da lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, gaba, aka yanke ƙarfen ƙasa aka ƙara masa tsawo kafin ya haɗu da giya.

Tun azahar yake juya hannun tayarwa, injin ya yi tari ya mutu. Ya san halin mai shan gas, ba ya tashi da sanyin jiki. Ya ɗaga murya ya kira cikin gida.

"Dije! Kawo mani ruwan zahin nan da ke bisa wuta."

Matarsa Tasalla ta amsa daga madafa. "Malam, magariba ta yi. A bari sai da sahe mana."

"Yanzu za shi tashi. Dije, yi maza."

Hadijatu ta fito da tukunya tana tururi, ta riƙe ta da gefen zane. Shekararta goma sha huɗu, ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'ya biyar da Tasalla ta haifa. Hannuwan uban duk mai ne, suna santsi, don haka ya nuna mata bakin da za ta zuba. Ta zuba. Shi da ita babu wanda ya tuna ya yi bisimilla.

Ya juya hannun sau ɗaya, injin ya kama. Ƙasa ta yi rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe kangon, kaji suka watse. Maharazu ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Amma Hadijatu ta saki tukunyar ta toshe kunnuwanta.

"Baba, wa ke kuka a ciki?"

"Kukan inji na, ɗiyata. Haka shika yi."

"A'a. Jariri na."

Ya kashe injin. Shiru ya sauko, irin shirun da ko tsuntsu ba ya ratsawa. Daga nesa ladan ya fara kiran salla, muryarsa siririya kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Washegari da magariba dutse na farko ya faɗo tsakar gida. Tasalla ta ɗauka 'yan makwabta ne ke jifar tsuntsu, ta yi faɗa ta kan katanga, babu wanda ya amsa. Na biyu ya fasa randa. Na uku ba dutse ba ne, noti ne, ya faɗa cikin kwanon tuwo, da Maharazu ya sa hannu zai cire sai ya ƙone shi. Ya gane notin, na kan injin ne, shi ya ɗaure shi da kansa. Ya je kango ya duba, ya tarar da gurbinsa babu komai.

Haka aka yi kwana shida. Duk yini gidan lafiya lau, amma da rana ta yi ja sai jifa ta fara, ba ta tsayawa sai an idar da salla. Makwabta suka hau katanga da sanduna suka zagaye gidan, suka ga duwatsun suna fitowa daga inda babu kowa. Bayan haka suka daina zuwa. Matan da kan shigo aron turmi suka koma wani gida. Akan ji muryar mace daga wajen motar, ba kuka take yi ba, ba waƙa ba, wani abu ne tsakaninsu, irin gunjin da uwa kan yi in hawayenta sun ƙare.

Hadijatu ta daina cin abinci. Takan zauna a bakin ƙofar kango ta zura wa motar ido, hannuwanta a naɗe a ƙirji tana jijjiga su. Tafin hannunta na dama ya yi bororo kamar wadda ta taɓa wuta, alhali ranar da ta zuba ruwan ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ranar Talata Tasalla ta dafa kafaɗarta ta ce ta tashi ta yi alwala. Yarinyar ta juyo a hankali. Fuskar tata ce, amma idon da ke ciki ba nata ba ne.

"Ke ma uwa ta," in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Za ki ji abin da na ji."

Tasalla ta zube a wurin. Maza huɗu suka kasa ɗaga Hadijatu daga bakin ƙofar, ita da uban kan ɗauka da hannu ɗaya.

Da asuba Maharazu ya hau jaki ya nufi Garu, wurin Malam Isma'ila. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya mutu, kuma an san shi da wannan aiki tun daga Lafani har ƙetaren iyaka. Ya saurari labarin bai katse shi ba. Da Maharazu ya ambaci tsamiyar Tabkin Gawo, sai malamin ya ajiye carbinsa.

"Mutanen wurin ba su hana ka ba?"

"Ban tambaye su ba, Allah shi gafarta malam."

"Kuma ba su ce maka komi ba?"

"Wani tsoho ya ce in bar shi. Na ɗauka hassada ta."

Malamin ya miƙe. Sannan ya ce a ɗaura masa sirdi.

Suka iso bayan la'asar. Malam Isma'ila ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo garwashi a kasko, ya zuba wani ƙaro mai ɗacin ƙamshi. Ya hana a kira kowa. Daga shi sai iyayen biyu sai yarinyar, wadda ta taso da kanta ta zo ta zauna gabansa, ta miƙe wuya kamar mai jiran shari'a. Inuwar katanga ta rufe tsakar gidan. Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa-ƙasa, yana tofawa a tafin hannunsa yana shafa mata a ka.

An daɗe babu abin da ya motsa. Sannan jikin Hadijatu ya fara karkarwa, haƙoranta suna haɗuwa, wani sauti yana fita daga ƙirjinta kamar na injin da ke son tashi ya kasa.

"Ya isa, tsoho," in ji muryar. "Ba kurma nike ba."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da anka sace."

"Musulma ce ke ko kafira?"

"Ina salla tun kakanka bai san gabas ba."

"To, in ke Musulma ce, mi ya kai ki jikin ɗiyar Musulmi?"

Yarinyar ta juya kai ta dubi ubanta.

"Tambayi wanga. Shekara tara ina zaune cikin ƙarhen nan, ban taɓa kowa ba. Nan na haihu. Ya zaka ya ɗauke mu da shanu, na yi shiru. Ya yi ta bugun ɗakina da guduma wata huɗu, na yi shiru, na ce ɗan Adam na, bai sani ba. Rannan na hita neman abinci da marece, na bar ɗana yana barci. Na dawo na iske an dahe mani shi da ruwan zahi."

Tasalla ta rufe baki da mayafi. Garwashin ya yi ƙara a kasko.

"Kuskure na," in ji malamin. "Yarinya ba ta gani ba, ba ta sani ba. A shari'ar da ke bisa kanmu da ku, ba a kashe rai don kuskure."

"Kuskuren zai tada mani shi?"

Maharazu ya rarrafo ya durƙusa gaban 'yarsa, ya kifa goshi a ƙasa.

"Ni na sa ta. Uwarta ta hana, na ƙi ji. In rai kika so, ga nawa. Ki bar ta, don Allah."

"Mi zan yi da ranka? In ka mutu ka huta. So nike ka zauna da rai, awa yadda nike zaune."

Sai Malam Isma'ila ya kama babban yatsan yarinyar ya riƙe gam, ya ɗaga murya. Wannan karon karatun ba na lallashi ba ne. Hadijatu ta yi ƙara, ta banƙare, duwatsu suka yi ta zuba a kan rufin ɗaki kamar ƙanƙara. Gumi ya jiƙe rawanin tsohon, muryarsa ta dushe, bai tsaya ba. Rana ta kai bakin katanga kafin muryar ta ce, cikin haki, "Dakata."

Ya dakata.

"Gawar ɗana tana cikin ƙarhen. Ba ni iya hidda shi nan, ƙasar ga ba tawa ba ta. A maida ƙarhen gindin tsamiya inda anka ɗauko shi, dangina su taru mu rufe shi. In an yi haka, na yahe."

"Za a maida. Ki ba mu kwana bakwai."

"Ukku."

"Damina ta, hanya ta ɓaci. Ki ƙara."

"Kwana takwas ke nan ɗana bai shiga ƙasa ba, tsoho. Kai za ka yarda a yi ma naka haka? Ukku. Kahin rana ta hwaɗi ran Asabar. In ta hwaɗi ƙarhen bai iso ba, zan zaka in ɗauki wagga, kuma ko ka karance littafinka duka ba ka ganina."

Malamin ya sa ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan. Ta rantse. Hadijatu ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta faɗa kan cinyar uwarta. Jifa ta tsaya. Can ta buɗe ido, nata idon, ta ce da ƙaramar murya, "Inna, ƙishirwa nika ji."

A zaure, da Maharazu ya kama hannun malamin zai yi godiya, tsohon ya janye.

"Kada ka gode mani. Ban kore ta ba, lokaci kawai na samo maka. Wadda ke da gaskiya a hannu, karatu ba ya ƙone ta. Ka tashi yanzu."

Ranar Alhamis ta ƙare a cire injin. Abin da ya ɗaura cikin wata huɗu bai yarda ya kwance a yini ɗaya ba. Ƙafafun da maƙeri ya ƙera sun kama kamar an haife shi da su, kuma babu wanda ya yarda ya taɓa ƙarfen ya taimaka. Da kurfi da guduma ya sare su, ya farfasa katakon gaba da ya sha wuyar gogewa, ya kafa itace uku ya ɗaga injin da igiya shi da Tasalla. Hadijatu tana zaune a inuwa tana shan kunu, tana kallonsu. Har ta yi murmushi sau ɗaya.

Ranar Juma'a ya ɗaure shanu ya bi hanyar dajin da ya bi da rani. Hanyar ta zama fadama. Kafin hantsi ƙafafun amalanken suka nutse har gindi. Ya yini cikin laka yana tura itace a ƙarƙashi, yana roƙon shanun kamar mutane. Da ya samu ya fito da su, rana ta faɗi, kuma bai ci rabin zango ba. Ya ga babu mafita sai babbar hanya, wadda ta ratsa ta ƙofar masu tsaron iyaka.

Ya isa ƙofar ranar Asabar da hantsi. Daga nan zuwa Tabkin Gawo tafiyar rabin yini ce ga shanu, lokaci yana nan. Wani gardi, ɗan sandan Faransi mai jar hula, ya tare shi, ya ɗaga buhun da aka rufe kayan da shi, ya ga rubutun Faransi a jikin ƙarfen.

"Ina takardarka?"

"Ba ni da takarda, ranka shi daɗe. Maida shi za ni yi inda na ɗauko."

"Ashe kai ka ɗauke shi. Kayan gwamnati."

"Yashe shike, shekara tara. Don Allah ka bar ni in wuce, ran ɗiyata na bisa."

Ya faɗa masa komai, bai rage ba. Gardin Bahaushe ne, ya san irin wannan magana, har ya ja da baya daga amalanken yana neman tsari. Amma ya ce shi ba ya iya sakin kayan da ke da rubutun gwamnati sai kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya gani, in ya saki bulala ce da ɗauri. Kumandan kuwa ya tafi rangadi, sai gobe.

Maharazu ya ba shi shanun, ya ƙi. Maharazu ya ce a haɗa shi da wani gardi su kai injin su dawo, sannan a ɗaure shi shekara goma. Aka ce babu izini. Da azahar ta gota ya kama igiyar shanun ya ja da ƙarfi zai wuce, mutum uku suka danne shi, suka jefa shi wani ɗaki mai taga ɗaya, suka kulle.

Tagar tana duban yamma. Ya tsaya a gabanta ya riƙe ƙarfen, yana ganin amalankensa a ƙarƙashin bishiya, shanun suna tuƙa hankali kwance. Ya yi kira har murya ta ƙare. Ya ga rana ta sauko kan gonakin gero, ta yi ja, ta taɓa ƙasa. Ya ga rabinta ya shige. Bai rufe ido ba har sauran ya bi.

Kumandan ya dawo ranar Lahadi da hantsi. Ya dubi injin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya yi magana da tafinta yana dariya. Tafinta ya ce, "Ya ce tsohon ƙarfe ne, ba ya cikin lissafin kowa. Ka tafi da abinka."

Maharazu ya tsaya a kan hanya, gida yana kudu, tabkin yana arewa. Ya juya shanun arewa. Ya isa gindin tsamiyar da la'asar, ya sauke injin daidai ramin da ya bari, ya gyara masa zama. Ya durƙusa ya ce, "Ga shi na kawo. Tsare ni anka yi. Ki duba, don Allah." Ganyen tsamiyar bai motsa ba. Ya jira har inuwa ta yi tsawo, babu abin da ya amsa masa.

Ya bar amalanken a wurin, ya saki shanun, ya taho da ƙafa.

Da ya shigo unguwarsu ranar Litinin da safe, ya hango tabarmi a ƙofar gidansa, maza zaune a kansu. Makwabtan da suka guje shi duk sun zo. Suka miƙe da ganinsa, wani ya fara cewa, "Sai haƙuri, Maharazu," ya ratsa su bai tsaya ba. An rufe Hadijatu tun safiyar Lahadi, lokacin da yake tsaye yana jiran kumandan ya gama dariya.

Ya sami Tasalla a ɗaki ita kaɗai, ta jingina da bango. Ba ta kuka. Ya zauna a bakin ƙofa, laka ta bushe a ƙafafunsa.

"Ta sha wuya?" ya tambaya.

"A'a. Lahiya lau ta yini. Ta ci tuwo, ta yi mani tsintar wake. Da rana ta yi ja ta ce sanyi taka ji, ta kwanta bisa ƙahwata."

"Ta yi magana?"

Tasalla ta dubi hannuwanta.

"Ta ce, Inna, Baba ya isa?"

Maharazu ya jira.

"Na ce mata ka isa."